Shatin Ruwa a Tudun Doya

Ni ban taɓa zama a aji ba sai da na yi furfura, kuma ranar da na shiga, a gaban allo aka tsayar da ni.

Autata ce ke koyar da ilmin ƙasa a jami'a, nan Lafiya. Wata Talata ta dawo gida Bukan Sidi, ta shimfiɗa wata takarda a tabarma, ta yi tagumi. Taswirar duwatsun ƙasar Turawa ce, inda ƙanƙara ke gangarowa tana nuƙe dutse. Duk layuka ne zagaye-zagaye, kamar zanen yatsa.

"Inna, ɗalibaina sun ɗauka hanyoyin mota ne. Jibi kuma shugabanmu zai zauna a ajina. Daga nan ko a tabbatar da ni a aikin, ko a sallame ni."

Na ce, "To su layukan mene ne?"

Ta ce kowane layi yana zagaye dutsen ne a tsayi ɗaya.

Na ce, "Ashe shatin ruwa ne."

A fadamarmu ta Obi, in ruwa ya cika gona ya soma janyewa, kullum sai ya bar zobe a jikin tudun doya. Inda tudun ya miƙe tsaye, zobban a matse suke. Inda ya kwanta, sai su ware.

Ranar Alhamis ni da ita muka hau keke napep zuwa ajinta, da baho, da laka, da jarka. Na gina tudu a cikin bahon, gefe ɗaya tsaye, ɗaya kwance. Autata ta cika shi da ruwa. Ina kwalfewa da kwarya, ina zagaye bakin ruwan da tsinke, har muka kai ƙasa. Sannan ta ce ɗaliban su zo su leƙa ta sama.

Suka leƙa baho, suka dubi taswira.

Can wani dogon ɗalibi, ɗan ƙabilar Tibi, ya dafe kai. "Kai, Mama! Wannan ai gonan babana ne!"

Aka bushe da dariya. Autata ta nuna wuri a takarda, suka amsa baki ɗaya, "Tsaye!" Ta nuna wani, "Kwance!"

Shugaban ya taso, ya leƙa shi ma, ya daɗe. Ya ce, "Hajiya, a bar mana bahon nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na wankina ne."

Takardar tabbatarwa ta fito kafin a haƙe doyar shekarar. Na sa ta karanta mini sau biyu, a tsaye.