Kanun Labarin da Ya Kusa Raba Ni da Iƙamata

Edita, bayan gaisuwa, ina roƙon a ba ni fili a mujallarmu, a kuma sakaya sunana. A lokacin da abin nan ya faru ni ma'aikaci ne a wani ƙaramin shagon kago a Sharafiyya, nan Jidda, inda muke ɗaure wa mutane kaya mu aika musu gida. Dabino, darduma, abaya, butar shayi, duk abin da alhaji ya saya ya fi ƙarfin jakarsa wurinmu yake kawowa. Shagon na kafilina ne, wani dattijon Balarabe da iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, take ƙarƙashinsa, amma ni nake buɗewa ni nake rufewa. Ina da mata da 'ya'ya, muna haya a Aziziyya, asirinmu a rufe. Aibina shi ne son a ji ni. Ko a majalisarmu ta bayan la'asar, in ba ni na rufe magana ba shayin ba ya yi mini daɗi.

Wata shekara sai labari ya zo cewa hukumar jiharmu can gida ta ba wani kamfani shi kaɗai ikon ɗauko rarar kayan alhazanta, duk wanda ya bi ta wani shago kuma za a riƙe masa kaya in ya sauka. Kamfanin ya tsawwala yadda ya ga dama, kayan ma su yi wata da watanni ba su isa ba. Da idona na ga wata tsohuwa ta zauna a ƙofar shagonmu tana rabar da tsarabar jikokinta ga masu wucewa, domin namu take iya biya an hana ta, nasu kuma ya fi ƙarfinta. Abin ya tsaya mini a rai. A haka na faɗa wani zaure na waya da wasu matasa suka kafa a gida, masu fafutukar cewa mutum shi ke da iko da halalinsa, hukuma ta tsaya ga tsaro da yin shari'a, ta bar ciniki ga masu yarda da juna. Wata matashiyar lauya ce ke jan ragamarsu. Na ji maganarsu ta dace da abin da na gani, na zama bakinsu a Jidda, ina turo musu bayanin halin da alhazai suke ciki.

Rannan wani ɗan jaridar intanet ya kira ni daga gida, ya yi ta koɗa ni, wai ni ne jarumin da kowa ke magana a kansa. Lauyar nan ta sha gargaɗinmu kada mu yi hira ba mu naɗi muryarmu ba, amma daɗin yabo ya mantar da ni. Na yi ta zuba. Na faɗa masa ƙarara cewa dokar jiharmu nake nufi, ba ruwan ƙasar da nake zaune, amma cikin zafin magana na ce dokar da ta raba mutum da halalinsa ba ta cancanci a bi ta ba. Washegari sai ga hotona a ƙofar shago, allon sunan shagon ya fito raɗau, an rubuta a sama cewa wani mazaunin Jidda ya yi kira da a bijire wa hukuma. Bai faɗi wace hukuma ba. A cikin labarin ko kalmar kaya babu, sai dai ya ce mu 'yan tawaye ne da ake ɗaukar nauyinmu daga waje don mu rushe gwamnati.

Duk wanda ya zauna ƙasar mutane ya san nauyin wannan magana. Ɗan kafilina ya ga hoton shagonsu yana yawo, ya sa waya ta fassara masa, ya kai wa ubansa. Dattijon ya zo da kansa ya karɓi makullai, ya ce halas, magana ta ƙare, zai yi mini huruj, wato takardar ficewa ba dawowa, tun kafin a zo a tambaye shi. Na kira ɗan jaridar na roƙe shi ya gyara, ya ce ai bakina ne ya faɗa, ya kashe waya. Abokan majalisa suka riƙa sauya hanya in sun hango ni. Abin da ya fi karya mini zuciya shi ne 'ya'yana, waɗanda a nan aka haife su, Hausar ma sun fi jin ta da mayarwa. Babbar ta tambaye ni cikin Larabci ko gaskiya ne za a raba ta da makarantarsu.

Surukata ce ta tsaya mini. Bahaushiya ce 'yar Sudan da ta tsufa a Jidda, Larabci a bakinta kamar ruwa. Ta fara wanke ni tas, ta ce baki shi ke yanka wuya, sannan ta ce tunda abin da na gani gaskiya ne, janye shi ba zai cece ni ba, sai dai in faɗe shi yadda kowa zai gane. A can gida kuwa lauyar ba ta zauna ba. Ta sami wata 'yar jaridar rediyo mai bin diddigi, wadda ta buɗe wa jama'a layi. Alhazai suka yi ta kira, wannan ya ce kayansa sun ɓata, wannan ta ce dabinonta ya iso da tsutsa. Sannan aka saka ni kai tsaye. Wannan karon na auna kowace kalma, na faɗi sunan jihar, na faɗi dokar, na ce roƙonmu kawai a bar alhaji ya zaɓi wanda zai ɗaukar masa kaya.

Da aka turo mana shirin, surukata ta yafa mayafi ta ce yalla, mu tafi unguwar Safa gidan kafili. Ta zauna daga bakin labule, a kunna kaɗan ta fassara, a kunna kaɗan ta fassara, har ya ƙare. Sai dattijon ya fashe da dariya yana tafa hannu, yana tambaya wai duk wannan tashin hankalin a kan jakunkuna ne. Ya ce shi ma ɗan kasuwa ne, ya san zafin a ba mutum ɗaya kasuwa. Ya miƙo mini makullai, ya ce amma kada ya sake ganin allon shagonsa a jarida.

Kafin aikin hajji ya zagayo, wasu gidajen rediyo sun ɗauki maganar, 'yan majalisar jihar suka shiga ciki, aka soke dokar. Ranar da motar alhazan jiharmu ta tsaya a layinmu suka watsu cikin shaguna, kowa yana taya inda ya ga dama, na tsaya a ƙofar shago ina ta kallonsu. Wasu ma ba shagonmu suka shigo ba, na maƙwabta suka zaɓa, wallahi hakan ya fi komai yi mini daɗi. Ɗan jaridar farko ya sake kirana yana neman hirar nasara, na yi masa sallama na ajiye waya.

Ban yi nadamar tsayawa kan gaskiya ba, kuma ban ce duk 'yan jarida ɗaya ne ba, tunda ɗaya ya jefa ni rami ɗaya ta fito da ni. Amma 'yan'uwana mazauna ƙasar wani, in za ku yi magana ku san wa kuke faɗa wa, ku naɗi muryarku, ku ambaci abin da kuke nufi da sunansa. Wanda ya rubuta kanun labari yana kwana a gidansu, kai kuwa zamanka yana rataye da takarda.