Ruwan da Na Buɗe Kafin Sakamako

Ban taɓa mantawa da ranar da na buɗe famfon gwaji a unguwar gabas ba. Lokacin ni ne shugaban masu haɗa bututu a aikin sabunta ruwan wani gari da ke tsakanin Anka da Bukkuyum. An kafa sabon tanki a kan tudu, mu kuma muna cire tsofaffin bututun ƙarfe muna binne na roba.

Ga ƙa'idar aikin: idan an gama shimfiɗa layi, sai a cika shi da ruwa a ga ko yana yoyo, a wanke shi da magani, a kai ruwan ɗakin gwaji. Kafin sakamako ya fito, ba a ba kowa ko kofi ɗaya.

Bazara ce, rijiyoyi sun ƙafe. Mata suka kewaye mu da bokitai suna kallon ruwan gwaji yana malala a ƙasa. Wata dattijuwa, Inna Hajo, goye da jikarta, ta ce, "Malam Sani, kana zubar da ruwa, mu ko tun safe ba mu aza tukunya ba?" Na duba, ruwan garau yake. Na ce su ɗiba.

Washegari muka gano yoyo a wani mahaɗi bayan wani kango. Wurin ya zama taɓo, kuma duk sanda aka kashe injin tura ruwa, bututu mai yoyo yakan zuƙo abin da ke kewaye da shi. Muna cikin tono mai unguwa ya zo ya tsaya a kanmu.

"Nan kunka bi da bututun?"

"Nan ne, Baba."

"Cikin kangon ga anka riƙa niƙa dutsin zinari shekara da shekaru. Kuma ba wanda ya kwashe ƙasar."

Shebur ya suɓuce mini. Ni ɗan yankin ne. Na je gaisuwar mutuwa Yargalma shekarar da gubar dalma, wadda ke fitowa daga niƙan dutsen zinari, ta riƙa ɗaukar yara, na ga ƙananan kaburbura a jere.

Na kira injiniyan aikin na faɗa masa komai. Sai ya tambaye ni:

"Gida nawa suka ɗiba?"

"Ban ƙirga ba, yallaɓai."

"Rufe layin. Ka bi gida-gida a zubar da ruwan, kuma da bakinka za ka faɗa musu dalili."

Na bi. A gidan Inna Hajo na tarar an riga an sha rabin ruwan randa.

Rana ta uku jikar Inna Hajo ta shiɗe, idanu suka kakkafe. Da motar aikinmu muka kai ta asibiti. Na zauna gindin dalbejiya a harabar. Duk ma'aikacin da ya fito da sauri, sai in bi shi da ido. Inna Hajo ta same ni a wurin ta ce, "Tashi ka ci abinci, ɗana. Ni na roƙe ka." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Gwajin jini ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata kai. Ta farfaɗo. Bayan kwana shida sakamako ya zo daga Gusau: ruwan lafiya lau, amma ƙasar kangon tana da dalma. Muka tone layin muka kewaya da shi ta bayan makaranta. Ni kuma aka ba ni takardar gargaɗi, tana cikin fayil ɗina har na yi ritaya, kuma ban taɓa neman a cire ta ba.

Ku masu tasowa, zanen injiniya yana nuna inda bututu zai bi, amma ba ya faɗin abin da aka taɓa yi a ƙasar. Wannan tsofaffin unguwa ne suka sani, ku tambaye su kafin ku sa diga. Kuma ku sani, tono da ɗaukar bututu ba su ne wahalar aikin nan ba. Wahalarsa ita ce mai ƙishirwa ya tsaya gabanka, ruwa yana hannunka, ka ce masa ya jira.