Irin Kaura da Fakarun Magarya

Har in koma ga Allah ba ni mantawa da ranar da na kori Buba daga aiki. Lokacin ni ne sarkin gandu a gonar ubangidanmu can Magarya, zamanin da Sarkin Musulmi ke zaune Wurno. Sarkin gandu shi ke raba aiki, shi ke fid da iri daga rumbu, in shuka ta lalace kuma wuyansa ake kamawa.

A gefen gandun akwai saura, tsohuwar gona da anka bari ta huta. Ciyawarta na zub da 'ya'ya, fakaru da zabin daji na kiwo ciki duk rani. Ni da kaina na sa anka share ta ƙal don auduga, na kuma mai da sussuka cikin gari. Ko ƙaiƙayi ban bari a gona ba, ina ta jin kaina gwani.

Da bazara munka yi binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa. Irin kuwa jar kaura ce, wata dawa da ubangidanmu ya sa anka kawo daga Goronyo, duk karkarar ba mai ita sai mu. Na ba Buba ƙwaryar iri, dattijon da ya girme ni a aikin.

Ruwa ya sauka, gonakin mutane sunka tsira, tamu sai nan ɗaya can ɗaya. Na tona ramuka, wayam! Zuciyata ta tafi kan Buba. Na tuna yana da iyali da yawa, na tuna aljihun rigarsa da girma. Kai, zargi mugun ciwo ne, ko tarinsa sai na ji kamar na marar gaskiya. A gaban manoma na tambaye shi inda ya kai irin.

Ya dube ni ya ce, "Sarki, mi ka gani da idonka?"

Na ce ramin banza na gani, ya ishe ni shaida, na sallame shi. Ya aje ƙwaryar, ya kwashe iyalinsa sai Rabah.

Munka sake shuka, wannan karon da hannuna. Kwana biyu tsakani wani maharbi ya kawo mini fakara daga gandun. Anka tsaga ta a gabana, sai ga jar kaura cike da cikinta. Nan take na gane. Na share ma fakaru abinci, yunwa ta koya musu tonon rami.

Na taka har Rabah na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, amma komawa a'a.

"Gonar da ba ta bar ma fakara komi ba, Sarki, mi za ta bar mani?"

Ku masu tasowa, in iri ya ɓace ku fara duba abin da kunka canza a gona kafin ku dubi aljihun mutum. Saurar na bar ta ta koma ciyawa, fakaru sun dawo cikinta. Buba a Rabah anka rufe shi.