Hanyar Janairu a Ruwan Yuni

Cikin shekara ashirin da shida da na yi ina tuƙin jirgin ruwa a Yauri, akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba: ranar da waya ta ce in miƙe, ni kuma na kashe inji. Ku da kuka shigo aikin nan jiya jiya, ku saurara, ba zan maimaita ba.

Ga wanda bai san aikinmu ba, muna ɗaukar mutane da kaya daga bakin ruwan Yelwa zuwa ƙauyukan tsallake, wajen Ngaski. Akwai ciyaman, shi ke tsara layi, ba jirgin da ke tashi sai da izininsa. Tafkin nan kuwa da can gonaki ne da garuruwa kafin a tare ruwa. Itatuwan ba su tafi ko'ina ba. Kututturansu na nan tsaye a ƙasa, suna jiran cikin jirgi.

A watan Janairu ciyaman ya kira ni, na tarar da wani saurayi da jaka a baya, sai kaɗa ƙafa yake kamar mai jin fitsari. Shafi'u sunansa, ɗan Inna Hajo mai bandar kifi. Yana shekarar ƙarshe a jami'a, yana karatun kwamfuta. Wai kafin a sallame su dole kowa ya ƙera wani abu ya kare shi gaban malamai, in ya faɗi sai ya maimaita shekara. Shi manhaja yake so ya yi, wadda za ta nuna wa sabon direba hanya a waya don kada ya hau kututture.

Ciyaman ya ce, "Ɗantani, ka ɗauke shi. Abin da ya tambaya ka ba shi amsa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni da ko aji huɗu ban gama ba?"

Ya ce, "Ruwa za ka nuna mai, ba karatun boko ba."

Mako uku yana bin mu. Ya ɗaure waya a gaban jirgi tana zana duk inda muka bi. Yaron ba ya zama wuri ɗaya. Yana cin ƙosai yana danna kwamfuta, yana yi mata faɗa kamar mutum. Wata rana na ji ya ce, "Ke mi ke damunki?" na waiga na zaci da wata fasinja yake. Ya ce mini in ya gama ba aikin ofis yake nema ba, abin da masunta da direbobi za su riƙe a hannu yake so ya riƙa yi. Na ce Allah shi taimaka. Abin da ya tambaye ni ɗaya ne: wace hanya kuke bi? Na nuna masa. Ya koma makaranta.

Sai a watan Yuni ya dawo, ya rame, saura kwana goma sha biyu ya tsaya gaban malamansa. Ciyaman ya yarda a gwada, amma ba fasinja, daga ni sai shi, kowa da rigar ruwa. Muka tashi da hantsi. Da muka wuce tsibirin farko, wayar ta ce a miƙe. Na kashe inji.

"Kawu, lafiya? Miƙewa za ka yi, ga layin nan."

Na bari jirgi ya silala, na ɗauki doguwar gorata na soka a ruwa. Ko kamu biyu ba ta shiga ba ta daki itace. Na matsa gaba kaɗan, ta sake daka. Na miƙa masa gorar, ya soka da kansa. Sai ya zauna.

Na ce, "Wagga hanyar Janairu ce, lokacin da ruwa ya cika. Yanzu ruwa ya ja baya. Ka bi nan da mutum hamsin, sai dai a zo da masu ninƙaya."

Ya dubi wayar, sannan ya ce, "Kawu, don mi ba ka faɗa mani ba?"

"Ka tambaye ni?"

Na faɗi haka ne don in kare kaina, amma har muka dawo gaci na san da laifina a ciki. Gaskiyar ita ce ko a zuciyata bai zo ba. Wa ke zama ya gaya wa mutum cewa hanya na canjawa da ruwa? A wajenmu kamar ka ce rana daga gabas take fitowa ne.

A bakin ruwa ya kasa zama, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Can ya tsaya ya ce, "To ku yaya kuke sanin ranar da za ku sake hanya?"

Na nuna masa dutsen nan da ke gefen matsayarmu, wanda muke ce wa Kan Sa, don kamar kan bijimi yake. In ruwa ya rufe shi, hanyar tsakiya. In ƙahonsa ya fito, sai a zagaya ta bayan tsibiri. In wuyansa ya bayyana, sai tsohuwar hanyar kogi, komai nisanta. Haka mahaifina ya riƙa dubansa kowace safiya, bai taɓa ce mini ga abin da yake dubawa ba. Inda idonsa ke kallo kawai na bi.

Na koma wurin ciyaman na ce laifina ne. Ya ce, "Ka sake ɗaukarsa cikin lodin kullum. Waya ta yi zanenta, amma kai ke tuƙi." Kwana biyar muna zagaye da shi, har hanyar da ba lokacinta ba na bi a hankali da gora, ba fasinja, don ya samu zanenta. Ya tafi saura mako guda, bai ko tsaya sallama da kyau ba.

Ya ci jarrabawarsa. Inna Hajo ta aiko mini da kifi banda har sai da na raba wa maƙwabta. Da ya zo ya buɗe mini manhajar, kafin ta nuna komai sai da ta yi tambaya ɗaya da Hausa: yau ina ruwa ya tsaya a jikin Kan Sa?

Abin da na koya ke nan. A aikinmu ba abin da muka jahilta ke kashe mutane ba, abin da muka sani ne har muka daina faɗinsa. Shi ya sa duk wanda aka ba ni in koya wa tuƙi, kafin ya taɓa inji nake jansa gaban dutsen nan. Gobe da safe ku same ni can.