Takin da Ya Ƙone Gyaɗar Gwangwan

Karaye

Ranar Talata, ana idar da sallar asuba, na bar gida. Ni malamin gona ne a lokacin, kuma shugabana ya riga ya faɗa mini gatsal: in mutanen Gwangwan suka sake ƙin takin zamani bana, wani zai maye gurbina. Gaskiya na tsorata, don ina da iyali.

Ƙarfe shida da rabi na hau babbar motar 'yan kasuwa, sule biyu. Direba ya hangi buhun taki a kaina ya ce, "Malam, gishirin gwamnati za a kai musu?" Duk motar ta bushe da dariya, har da ni.

Rogo

Mun iso tara saura kwata. Na sha fura ta kwabo uku, na ari keke wurin wani abokina tela, na ɗaure buhu a baya.

Gwangwan

Bayan azahar manoma suka taru a gindin tsamiya. Na miƙe zan zuba lacca, sai mai gari ya ce, "Malam zauna. Bara abin nan ya ƙone mana gyaɗa. Bari kowa ya faɗi tasa."

Na zauna ba don raina ya so ba. Wannan ya ce tasa ta ƙone, wancan ya ce tasa rabi. Sai wani tsoho, Baba Ɗanjuma, ya ce tasa ko ganye ɗaya bai ƙone ba.

Wani manomi ya ce, "To kai yaya ka zuba, Baba?"

"Kaɗan na samu. Na riƙa barbaɗawa nesa da gindi, don ya isa."

Can wani ya tafa hannu ya ce, "Af! Mu tula shi muka yi a gindi, kamar takin shanu!" Nan fa musu ya kaure kan tazara, ana gwadawa a ƙasa da yatsu. Kafin la'asar sun tsayar da ita da kansu, sun raba buhuna, sun ce a kawo ƙari. Mai gari ya sauke ni a zaurensa da tuwon dawa miyar kuka.

Komawa

Laraba da sassafe na mayar wa tela kekensa a Rogo, na gode masa, da hantsi na iso Karaye lafiya, na gode Allah. Shugaba ya ji labari ya ce, "Madalla, kai za ka ci gaba da zuwa. Me ka gaya musu haka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban gaya musu komai ba, tambaya ɗaya ma wani ne ya yi ta."