Talatu Mai Ceto da Kwana Arba'in na 'Yan Ruwa

A shekarar 2019 Talatu Mijinyawa ta ajiye tsintsiya da bokiti, ta rataya usur a wuyanta. Kafin nan ta yi shekara uku tana goge daɓe a wani wurin shaƙatawa na mata da ke bakin teku, ba nisa da unguwar Abu Hail a Dubai. Wata rana aka liƙa sanarwa cewa ana neman mata masu ceto, wato waɗanda za su zauna bisa doguwar kujera suna lura da masu iyo. Talatu ta je ta ce a rubuta sunanta. Shugabar ma'aikata ta dube ta da rigar shara a jikinta, ta yi dariya, amma ta rubuta. Ranar gwaji aka nuna musu wani tulun roba da ke lilo can cikin teku, aka ce su je su taɓa shi su dawo. Talatu ta fito tana matse ɗankwalinta, sauran ba su ma juyo ba.

Babu abin mamaki a nan ga wanda ya san asalinta. An haife ta a wata tungar masunta a gaɓar Kwara, cikin ƙasar Yawuri. Mahaifinta Basarke ne, masunci ɗan gado, kuma ta iya iyo tun kafin ta iya karatu. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Hafsa, wadda ta bari a hannun mahaifiyarta, Inna Suwaiba, sa'ad da ta taho Dubai neman aiki.

A tungarsu akwai wata al'ada da aka gada. Sun ce a ƙarƙashin kogin akwai 'yan ruwa, masu dogon gashi da garuruwa da garken shanu, kuma duk wanda ruwa ya fara ja, su ne suka kira shi. Ba a hana kowa ceto ba. Sai dai wanda ya fizgo mutum daga hannunsu dole ne ya yi kwana arba'in bai sa ƙafa a ruwa ba, wata tsohuwa kuma ta zuba nono a kogi tana ba su haƙuri. In ya ƙi, za su ɗauke shi, ko su ɗauki wani daga jininsa. Inna Suwaiba ba a bakin mutane ta tsinci wannan magana ba. Ɗanta na fari, Rilwanu, ya taɓa ceton wani fatake, ya koma kamun kifi bayan kwana tara, kuma kafin wata ya ƙare ruwa ya ci shi. Talatu tana gaɓa a ranar. Abin da ta gani shi ne jirgin da ya kife da shi, wanda aka yi don mutum ashirin, an loda masa buhunan gero da babura biyu da mutum kusan hamsin. Shekara da shekaru ita da mahaifiyarta ba su taɓa zama sun daidaita waɗannan labarai biyu ba.

Shekara uku na farko a kan kujerar ceto, usur ne ya yi mata yawancin aikin. Ta kora masu wuce iyaka, ta fasa faɗan yara, ta wanke ƙafafun da ƙaya ta soka. Doguwar robar nan ja da ake miƙa wa mai nutsewa, gora take kiranta, kamar ta masuntan gida, har abokan aikinta 'yan Kenya da 'yan Filifin suka koyi sunan. A can na san ta, ina koyarwa a wata makaranta a garin, domin likita ya umarce ni da tafiya cikin ruwa saboda gwiwa, kuma ita ce ta fara gaishe ni da Hausa.

A watan Yuni na 2022, da hantsi, wata tsohuwa 'yar ƙasa da ake kira Ummu Rashid ta shiga ruwa iyakar ƙugu kamar yadda ta saba. Yashi ya zame a ƙarƙashin ƙafarta, igiyar ruwa ta ja ta ciki. Ba ta yi ihu ba. Hannu kawai aka gani. Talatu ta dira daga kujera da gorarta, ta cim mata bayan ta nutse sau biyu, ta tallafo haɓarta ta fito da ita. Bayan kwana biyu wurin aikin ya ba ta takardar yabo, aka ɗauke ta hoto.

Kuskuren daga Goggo Mero ya fito, ƙanwar mahaifin Talatu, mai shagon jakunkuna da abaya a kasuwar Naif, nan Dubai. Murna ta ɗebe ta, ta tura hoton zuwa zauren dangi na waya, ta rubuta a ƙasa cewa 'yarsu ta ciro Balarabiya daga teku. Kafin la'asar Inna Suwaiba ta kira.

"Talatu, gaskiya ne abin da Mero ta aiko?"

"Gaskiya ne, Inna. Matar tana nan lafiya."

"To, daga yau ba ke ba ruwa sai kin cika arba'in. Ni zan zuba nonon."

"Inna, aikina ke nan. Na riga na ci hutuna na bana. In na yi kwana arba'in ban shiga ba, sallamata za a yi, bizata ta mutu."

"Ta mutu mana. Biza ce ba ta da magaji?" Sannan Inna ta ƙara da cewa, "Muddin kina shiga, Hafsa ba za ta hau jirgi ba. Na binne Rilwanu. Ba zan binne jikata ba."

Makarantar Hafsa tana tsallaken kogi, kuma babu hanyar zuwa sai kwalekwale. Tana aji biyu na ƙaramar sakandare, saura mako uku a fara jarrabawar wucewa aji uku.

Ranar hutun Talatu na raka ta Naif. Muka tarar da Goggo Mero zaune bisa kwali tana ɗaure kayan da za a aika gida ta jirgin kaya, fanka tana kaɗa zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Ga 'yar ruwa nan ta iso," in ji Goggo. "Ki shigo, amma kada ki jiƙa mini kaya."

"Goggo, wa ya aike ki? Hoto ɗaya kin tayar mini da gari."

"Ni na san tsohuwa tana duba waya? Da can ko kira ba ta iya amsawa. Ke dai ki saurare ni, habibti. Ki ce mata kin daina, khalas, shi ke nan. Tana Yawuri, kina nan. Wa zai gaya mata?"

"Ke mana, Goggo."

Goggo Mero ta kai mata dukan wasa da igiyar ɗauri. "Ja'ira! To, na rantse ba zan faɗa ba. Ki yi mata ƙarya ta kwana arba'in, yarinya ta rubuta jarrabawarta, kowa ya huta."

"In na yi haka, na yarda ke nan cewa Yaya Rilwanu shi ya kashe kansa don ya ceci mutum. Kuma gobe in na sake ciro wata, sai wata ƙaryar? Hafsa ta tashi tana ganin duk wanda ya miƙa wa mai nutsewa hannu laifi ya yi?"

"Ke ba ki yarda akwai aljanu ba?"

"Na yarda, Alƙur'ani ya faɗa. Amma ba su suka ba da rai ba, ba kuma su za su karɓa ba."

Goggo ta juyo gare ni ta ce, "Malama, ki yi mata magana. Taurin kan ubanta ne ta kwaso duka." Na ce ban ga inda ta yi kuskure ba, ko da yake na tausaya wa yarinyar. Goggo ta ce dama malaman makaranta ba su taɓa raba faɗa ba.

Duk da wannan ƙarfin hali, Talatu ta gaya mini daga baya cewa ta kusa sakewa. Hafsa ta kira ta tana kuka, tana cewa ƙawayenta suna wucewa ta ƙofar gida da littattafai. Kwana biyu Talatu tana kan kujera tana lissafin ko ta rubuta takardar barin aiki.

A rana ta shida Ummu Rashid ta dawo, jikarta tana riƙe da hannunta, da kwanon dabino da turaren wuta. Ta ga fuskar Talatu ba walwala, ta tambaye ta dalili. Talatu ta ba ta labarin 'yan ruwa da Larabcinta na kasuwa, tana jiran a yi mata dariya. Tsohuwar ba ta yi ba.

"Mu ma muna da namu, 'yata," in ji ta. "Bu Darya muke ce masa, uban teku. Rabinsa mutum, rabinsa kifi. Masu nutso neman lu'ulu'u sun ce yakan yi kuka kamar mace mai neman taimako, wanda duk ya je sai ya tafi da shi. Mahaifina yana saurayi ya yi aiki a jirgin lu'ulu'u. Wata safiya cikin hazo suka ji ana kira daga ruwa. Shugaban jirgi ya ce kowa ya toshe kunnensa, a yi ta karatu, a ja gaba. Da rana ta take suka tarar da katakan wani ƙaramin jirgi suna yawo. Na maƙwabtansu ne, mutum huɗu."

Ta gyara mayafinta, ta ci gaba. "Har ya tsufa bai daina ba mu labarin Bu Darya ba, don kada mu je teku mu kaɗai. Amma kullum in ya kai ƙarshe sai ya ce, in kun ji kira, ku je. Ni ban ma yi kira ba, kika zo."

Washegari, da ta fito daga iyon safe da ake sa masu ceto su yi kafin a buɗe ƙofa, Talatu ta ɗauki waya ta aika saƙon murya. Ta ba ni na saurara, kuma ga abin da ta ce: "Inna, ina kwana. Yau kwana bakwai. Na shiga, na fito, ga ƙarar tekun nan kina ji. Ban raina ki ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Gobe ma zan shiga, in sha Allah."

Haka ta yi kowace safiya. Ranar hutunta ma sai ta hau mota ta je ta shiga, don kada a ce ta tsallake ko da kwana ɗaya. Inna Suwaiba ba ta amsa ko sau ɗaya ba, amma alamar waya tana nuna ta saurara. A mako na uku Talatu ta sayi rigunan hana nutsewa goma sha biyu, ta kai wa Goggo Mero ta cusa cikin kayanta masu tafiya Kano, da saƙo cewa a miƙa su ga mai kwalekwalen 'yan makaranta. Goggo ta yi mita cewa sun cinye mata wurin jakunkuna, amma ta ɗaure su da hannunta.

Jarrabawa ta zo ta wuce, Hafsa tana gida. Ta daina ɗaukar wayar mahaifiyarta. Wannan ne ya fi yi wa Talatu ciwo, kuma na ga ta rame a makonnin nan. Ba ta fasa ba.

Ranar arba'in da ɗaya Inna ta kira da kanta.

"Kina da rai?"

"Ina da rai, Inna. Hafsa ma tana da rai."

"Saboda nonon da na zuba ne. Ƙwarya uku, ba ɗaya ba, don na san abin da na haifa."

"Allah ya saka da alheri. Nonon dai kifaye sun sha."

"Ki ci gaba da baƙar magana. Kayan da kika aiko sun iso. Na sa an gwada ɗaya da jikan mai jirgi, an jefa shi tsakiyar kogi, ya ƙi nutsewa." Ta yi gyaran murya. "In an koma hutu za ta tafi. Amma da rigar."

"Da rigar, Inna. Ni ma abin da nake so ke nan."

Hafsa ta maimaita aji biyu. Sai da ta yi wata huɗu kafin ta sake yi wa mahaifiyarta magana da sakin fuska, kuma har yanzu takan ce shekara guda aka ci mata a faɗan da ba nata ba. Talatu ba ta musa mata. Da ta je gida hutun shekarar da ta biyo baya, ta shiga Kwara da ita kowace rana har ta iya tsallake mashigin jirgi da iyo, Inna tana zaune a gaɓa ta juya musu baya.

Yau Talatu tana nan a kan kujerarta, ita ce babba cikin masu ceto shida, kuma ranar Asabar tana koya wa matan Hausawa da 'ya'yansu iyo. Tun bayan ceton Ummu Rashid, ta ciro mutum uku. Kowane karo takan kira gida ta faɗa da bakinta, Inna Suwaiba ta zuba nono a kogi, ita kuma ta shiga teku washegari. Hafsa tana ajin ƙarshe na babbar sakandare, kuma ba a sake hana ta hawa jirgi ba.