Iyakar Gonar Baba da Ta Ƙi Shiga Filashi

Baba ne ya aiko in zo Saulawa ranar Asabar, in taho da wayata. Ƙafa ta fara ba shi wahala, yana so ya zaga da ni iyakar gonarmu ta fadama tun yana iya takawa. Gonar tana manne da ta marigayi ƙaninsa, su biyun kuwa ba su taɓa kafa dutse ko dasa itace a tsakani ba. Sun san wurin, shi ke nan.

"Ka ɗauke ni a abin nan naka," in ji shi. "Ba na so ku samu saɓani da 'ya'yan Baffanku bayan ba ni."

Na kunna bidiyo tun daga bakin hanya. Baba ba ya magana a taƙaice. Ya nuna wuri da sanda, ya kawo labarin shekarar da ruwa ya cinye rake, ya tsaya gaisawa da duk wanda ya wuce, har sai ya tambayi lafiyar shanu. Ni kuwa na kasa danna tsayawa, don gani nake kamar katse shi zan yi. Idona na kan waya, ina lura da caji, ina gyara hannu kada kansa ya fita daga hoto. Mun fi awa ɗaya da rabi a haka.

Da na koma Ikara, inda nake koyarwa, na jona wayar da kwamfutar ofis don in kwafe komai a filashi. Hotunan suna, hotunan biki, har da na wata akuya da aka turo mini in taya, duk suka shige. Bidiyon Baba kaɗai ya tsaya. Kwamfuta ta ce fayil ɗin ya yi girma. Girma kamar yaya? Filashi mai giga talatin da biyu, ko rabi ban ci ba, a ce abu mai giga shida ya gagare shi? Na sake gwadawa sau huɗu, har na buga tebur.

Ranar kasuwar Makarfi na nufi shagon da na sayi filashin, ina tafe ina tafasa. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na ajiye shi a gaban mai shagon.

"Jabu ka sayar mini."

Mai shagon dattijo ne mai haƙuri, ya fi ni hankali nesa ba kusa ba. Ya jona, ya duba, ya ce, "Malam, kayanka lafiya lau. Tsarin da ya zo da shi ne ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga huɗu. Rumbu ne babba, ƙofarsa ce ƙarama. Ko dai mu goge shi mu sake masa tsari, ko mu yanka bidiyon gida biyu."

Na ce ba za a goge ba, sakamakon jarrabawar ɗalibaina na ciki. Ya ce ai sai a kwashe su gefe a mayar. Na ce a'a. Yanka kuwa, haba! Maganar mahaifina ce za a datsa kamar rake? Ya yi murmushi, ya ce ko kalma ɗaya ba za ta faɗi ba. Na ƙi. Daga ƙarshe ya ce to in bar kwafi a kwamfutarsa kafin in yanke shawara. Nan ma na murtuke, na ce maganar gado ba a barinta a kasuwa.

Hanya uku mutumin nan ya ba ni, na ƙi duka ukun. Gaskiyar kuwa ita ce na shigo da faɗa, kuma na ji nauyin in fita ba ni da gaskiya. Na ce zan dawo. Ban koma ba.

Baba ya rasu bayan kaka. Na kasa buɗe bidiyon, don ina jin sallamarsa ta farko hawaye ke zuwa, sai in kashe. Na riƙa cewa sai zuciya ta kwanta. Bayan sadakar arba'in ina taya ƙanina tayar da injin ban-ruwa, na sunkuya, wayar ta sulale daga aljihun gaba ta faɗa ramin ruwa. Har Zariya na kai ta. Ba a ciro komai daga cikinta ba.

Da rani babban ɗan Baffa ya dasa tumatir, ya shigo wajen taku goma cikin inda ƙannena suke ganin namu ne. Magana ta yi zafi, aka kira mai unguwa da dattawa, muka tsaya a gonar.

Ɗan Baffa bai ɗaga murya ba. "Yaya," ya ce da ni, "kai ka zaga da Baba. Ba sai ka kawo waya ba. Ka faɗi inda ya nuna, wallahi yau zan tuge tumatirin nan."

Kowa ya zuba mini ido. Na dubi ƙasa, na dubi gabas, na dubi yamma. Ina tuna hularsa, ina tuna yadda igiyar takalminsa ta tsinke ya ɗaure da leda. Abin da ya faɗa a daidai wurin nan kuwa, ko kalma. Ban saurare shi ba ranar, na bar wa waya ta saurara.

"Ban sani ba," na ce.

Dattawa suka raba takun goman biyu. Da muka hau hanya ƙanina ya dube ni.

"Mu huɗu ya haifa maza," ya ce. "Kai ya zaɓa."